Surukina tsohon soja ne a Amurka: yaya ake gane gidan kula da tsofaffi na ƙwarai?

Abban Zarah

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifin matata ɗan Amurka ne, Musulmi, ya yi yaƙin Biyetnam, shekarunsa 78. Ya samu shanyewar ɓarin jiki, ga ciwon suga, kuma mantuwa ta fara kama shi. Asibiti sun ce ba zai koma gida ba, sai wurin da akwai ma'aikatan jinya dare da rana. An ba mu gidaje uku mu zaɓa: ɗaya na gwamnatin jiha ne da aka keɓe wa tsofaffin sojoji, biyu na 'yan kasuwa ne masu kwangila da hukumar VA, wato hukumar kula da tsofaffin sojoji ta gwamnatin tarayyar Amurka. Mun zaga dukkansu, ko'ina tsaf-tsaf, kowa da fara'a. Don Allah masana, me za mu duba bayan tsabtar falo? Kuma shin gidan sojojin ya fi sauran?

Maman Sadiq

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri.

Malam, tambarin soja a bakin ƙofa ba ya nuna inganci. Gidan jiha, jihar ce ke tafiyar da shi, VA tana biyan wani kaso na kuɗin kwana tana kuma zuwa duba shi sau ɗaya a shekara. Akwai masu kyau ƙwarai, akwai waɗanda suka yi abin kunya. Abin da ke raba su kusan kullum shi ne yawan ma'aikatan da ke kan marasa lafiya, musamman da dare da ƙarshen mako.

Ana auna wannan da awannin jinya da kowane mazauni ke samu a rana. Ƙa'idar VA ga gidajen jiha ita ce kada ya gaza awa 2.5, kuma a samu cikakkiyar nas mai rajista awa 24. Amma binciken da aka yi wa CMS, hukumar tarayya mai kula da inshorar lafiya ta gwamnati, a 2001 ya nuna sai an kai kusan awa 4.1 kafin a rabu da illolin ƙarancin ma'aikata. Ka lissafa da ɓangare mai gado 30: awa 2.5 na nufin awa 75 a rana, wato kamar ma'aikata 9 masu aikin awa 8 kowannensu da za a rarraba safe, yamma da dare. Awa 4.1 kuwa awa 123 ne, kusan ma'aikata 15. Duka biyun sun cika doka, amma zaman Baba a cikinsu ba zai zama ɗaya ba.

Ga yadda ƙarancin ke zama ciwo a jiki. A ce mataimakiyar nas ɗaya ce ke riƙe da mutum 20 da dare, 10 daga ciki ba sa iya juya kansu. Juyawa da canza ƙunzugu da shafa mai na cin minti 10 ga kowane mutum. Minti 100 ke nan daga cikin minti 120, wato awa biyun da ake bari kafin zagaye na gaba ya zo, ba a amsa ƙararrawa ko ɗaya ba, ba a raka kowa banɗaki ba. Dole wani zagayen ya faɗi, ko da an cike takarda an ce an yi. Saboda haka ka tambaye su kai tsaye: mutum nawa mataimakiya ɗaya ke riƙewa da dare a ɓangaren da za a sa shi? Nawa ne daga cikinsu ma'aikatan aro da ake ɗaukowa daga kamfani? Kuma mutum ɗaya ne zai riƙa kula da shi kullum, ko ana jujjuya su? Wannan na ƙarshen yana da nauyi ga mai mantuwa, domin wadda ta saba da shi ita ce za ta fara ganewa yau bai ci abinci kamar jiya ba.

Ku koma ziyara ba tare da sanarwa ba, ranar Lahadi wajen ƙarfe 6 na yamma, lokacin abinci. Ka tsaya a baranda ka duba agogo idan fitilar kira ta kama a saman ƙofar wani ɗaki, ka ga minti nawa kafin a shiga.

Malam Ɗanjuma

Hajiya ta yi bayani mai kyau, sai dai in ƙara shaida a kai. A Holyoke ta jihar Masachuset, gidan tsofaffin sojoji na jiha ya rasa aƙalla mutum 76 a annobar korona ta 2020. A ƙarshen watan Maris, da ma'aikata suka yi ƙaranci, shugabannin gidan suka haɗe ɓangarori biyu na masu mantuwa wuri guda, masu cutar da waɗanda ba su nuna alama ba, kimanin mutum 40 a wurin da aka tsara wa 25. A 2022 jihar ta amince ta biya iyalai dala miliyan 56. A Kwinsi ta jihar Ilinoi kuma, a 2015, ƙwayar cutar da ke hayayyafa a tsofaffin bututun ruwa ta kashe mutum 12 a gidan sojoji. Idan ginin tsoho ne, tambaya a kan gwajin ruwa ba ƙaranta ba ce.

Ta fuskar takardu, ka duba Care Compare, shafin intanet na gwamnatin tarayya da ke ba gidajen jinya maki da taurari, amma kada tauraro biyar na gaba ɗaya ya ruɗe ka. Taurarin kashi uku ne: na binciken sufetoci, na yawan ma'aikata, da na sakamakon jinya. Na ukun yawancin bayanansa gidan ne ke kai rahoto da kansa. Na biyun daga takardun albashi yake fitowa, kuma tun 2022 ana nuna awannin ƙarshen mako da yawan ma'aikatan da ke barin aiki a shekara. Wasu gidajen jiha ba su yi rajista da Medicare ko Medicaid, shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, ba, don haka ba za ka same su a can ba. Sai ka nemi rahoton binciken VA na ƙarshe daga hannun shugaban gidan. Wanda ya yi ta kwana-kwana wajen ba ka shi, ya riga ya amsa tambayarka.

Sai maganar kuɗi, wadda mutane da yawa ke asara a kanta. Tsohon sojan da VA ta ƙiyasta nakasarsa ta aikin soja a kashi 70 ko sama, VA ce ke ɗaukar nauyin jinyarsa. Ga wanda ya yi aiki a Biyetnam, ana ɗaukar ciwon suga nau'i na 2 a matsayin sakamakon gubar Agent Orange, maganin kashe ciyayi da aka fesa a yaƙin, ba tare da sai ya kawo hujja ba, kuma dokar PACT ta 2022 ta ƙara hawan jini a jerin. Ku nemo takardar sallamarsa, DD-214, ku je wurin jami'in ɗaya daga ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, DAV ko American Legion. Kyauta suke cike takardun.

Nas Hadiza

Malam Abban Zarah, bayan an kwantar da shi aikinku bai ƙare ba, jikinsa ne zai riƙa gaya muku gaskiyar gidan.

Fata tukuna. Mai shanyewar jiki da ciwon suga shi ne kan gaba wajen samun gyambon kwanciya. Duk zuwa, matarka ko kai ku duba diddige, kwankwaso da ƙasan gadon baya. Ja da ba ya gushewa idan an danna da yatsa mataki na farko ne. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai a nemi wurin da ya yi duhu, ya yi zafi ko tauri fiye da kewayensa. Ku tambayi makinsa a ma'aunin Braden, wanda ake auna haɗarin samun gyambon kwanciya da shi: daga 6 zuwa 23 yake, 18 zuwa ƙasa yana cikin haɗari. A kwantar da shi a karkace kamar digiri 30, ba a kan ƙashin kwankwaso kai tsaye ba, a sa matashi a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ta rataya ba ta taɓa katifa ba. Katifar iska tana taimakawa amma ba ta maye gurbin juyawa. Zaman keke ma yana jawo gyambo, kuma shi ake yawan mantawa, a bar tsoho gaban talabijin tun hantsi har azahar.

Sai haɗiya. Shanyewar jiki na raunana maƙogwaro, abinci ya riƙa zamewa huhu, wani lokacin ba tari ko kaɗan, sai dai zazzaɓi da nimoniya bayan kwana biyu. Ku tabbatar ƙwararre ya gwada haɗiyarsa. Ya ci a zaune sosai, ya ci gaba da zama aƙalla minti 30 bayan ya gama, a goge masa baki sau biyu a rana, domin ƙwayoyin cutar baki ne ke gangarawa huhun. Ku nemi a nuna muku nauyinsa duk wata. Raguwar kashi 5 cikin ɗari a wata ɗaya, ko kashi 10 a wata shida, doka ta ɗauke shi babban al'amari da dole a binciki dalilinsa.

Abin da ya keɓanci tsofaffin sojoji kuwa shi ne firgitar yaƙi. Mutum ya danne ta shekara 50, mantuwa na shigowa sai ta dawo sabuwa. A taɓa shi ta baya yana barci, ko ƙarar wasan wuta na bikin 'yancin kan Amurka a ranar 4 ga Yuli, ko a riƙe masa hannu lokacin wanka, sai ya kai duka. Yawancinsu kuma kunnensu ya yi nauyi, ba su ji shigowar mutum ba. Gidan da ya san aikinsa zai rubuta a tsarin kulawarsa cewa a tunkare shi ta gaba, a kira sunansa kafin a taɓa shi, a bar ƙaramar fitila da dare, a sa masa na'urar ji. Gidan da ba shi da ma'aikata zai nemi likita ya rubuta maganin taɓin hankali don ya yi shiru. Tun 2005 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta yi gargaɗin cewa irin waɗannan magunguna na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu mantuwa. Idan kun zo kun tarar yana ta barci da rana, yawu na zuba, ku nemi jerin magungunansa a ranar, ku tambayi me aka ƙara, don me, kuma yaushe za a rage.

Abban Zarah

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura maganar addini: abincin halal, salla, da son namiji ya riƙa yi masa wanka. Za su yarda?

Maman Sadiq

Haƙƙinsa ne a yi la'akari da addininsa da zaɓinsa, amma maganar baki ba ta wuce wanda aka gaya wa. A gidajen da ke ƙarƙashin CMS ana rubuta tsarin kulawa na farko cikin awa 48, a kammala cikakken gwaji cikin kwana 14, sannan a sake zama duk wata uku. Ku halarci zaman, ku sa a rubuta komai a ciki: babu naman alade ko abin da aka haɗa da shi, a kula da jelatin a kayan zaƙi, lokutan salla, dutse ko ƙasar taimama a gefen gado. Naman halal ba kowane kicin ke da shi ba, sai a cike da kifi, ƙwai da wake, ku kuma kawo na gida gwargwadon laushin da aka yarje masa. Namiji mai wanka ya danganta da jadawali, tunda mata sun fi yawa a aikin, don haka ku nemi a ɗora ranakun wankansa a kan ranakun da namiji ke aiki. Azumi kuwa, mai allurar insulin da matsalar haɗiya sai an zauna da likita da malami kafin Ramadan.

Idan an rubuta ba a cika ba, ku fara da shugabar nas-nas a rubuce. In ba a gyara ba, kowace jiha tana da ofishin ombudsman mai karɓar koken mazauna gidajen tsofaffi kyauta, kuma lambarsa na manne a bangon gidan.