"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi": ta hau kan Basasar Kano kuwa?

Ɗan Takai: Salamu alaikum 'yan uwa. Wani dattijo a garinmu in dai aka tayar da zancen yaƙin Tukurawa da Yusufawa sai ya ce, "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi." A fahimtata ƙarfi shi ne doki, yawa kuma dakaru. Wato a Tafashiya, inda aka yi karon ƙarshe a 1895, 'yan ƙasa ne suka ci mahaya. Haka ne?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka raba abin da bai rabu ba. Ko wane ɓangare yana da dawaki, yana da dakaru. 'Ya'yan sarki ne fa suke faɗa da juna. Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sa Waziri Buhari ya naɗa Tukur ɗan Bello, saboda bajintar da ya nuna a yaƙin Argungu. Yusufu ɗan tsohon Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya fice da 'yan uwansa, suka yada zango a garinku, Takai. Yawan da dattijon yake nufi shi ne wannan: 'ya'yan Abdullahi masu ɗimbin yawa, da barorinsu, da duk wanda Bello ya tuɓe ko ya ƙuntata wa. Tukur yana da takardar Sakkwato da jarumta, jama'a kuwa ta bi ɗaya gefen.

Jikan Barde: Malam, a yi min afuwa, amma kada a yar da maganar yaron nan gaba ɗaya. Wanda ya san lifidi ya san abin da yake faɗa. Auduga ce aka cusa aka ɗinke, a rufe doki da ita, a rufe mahayi, a ɗora kwalkwali. Kibiya ba ta cika huda shi ba, shi ya sa 'yan lifidi ke fasa sahu. To amma dokin ba ya jure dogon gudu, rana na dafa shi, kuma in mahayin ya faɗo ba ya iya komawa kan sirdi shi kaɗai. Nan dakare yake jira, ya raɓe da garkuwarsa ya sare agarar doki. Barde guda, dakaru biyar sun kewaye shi, ina ƙarfin ya tafi?

Ɗan Takai: Yauwa Yaya, abin da nake nufi ke nan.

Malamin Tarihi: Na yarda da wannan a kan yaƙin dawaki gaba ɗaya. Amma in yawa kaɗai ke ci, me ya sa aka koro Yusufawa a harin farko da suka kai wa birni? Ganuwa ta tsare su. Sai bayan Yusufu ya rasu a Garko, ƙaninsa Alu ya karɓi ragama, sannan suka shiga Kano a 1894, Tukur ya fice zuwa Kamri a ƙasar Katsina.

Mai Shayin Kwana: Ni dai na ce a canza karin maganar. "Yaƙi ɗan zamba ne" ta fi dacewa. Ba a banza ake ce masa Alu Mai Sango ba, sango kuwa mashi ne da ake harbawa da bindiga. Bindigar zamanin tana da jinkirin ɗuri, sai an zuba albarushi an danna, amma ƙararta da hayaƙinta sun isa su firgita dokin da bai saba ba. 'Yan bindiga kaɗan a bayan shinge sun fi taron da ba tsari.

Gwaggon Yara: 'Ya'yana, duk kun tafi fagen fama kun bar inda ake faɗin maganar. Mu da muka tashi muka ji ta, ba a yi wa wanda ya ci nasara kirari da ita. Mai ƙarfi ake gaya wa, tun kafin ya yi gaba, don ya sassauta. Uwa na gaya wa ɗanta da ke son ya ja da dangi kaf a kan gado. In akwai wanda ta dace da shi a labarin nan, Sarkin Musulmi ne. Ya umarci sarakuna su taimaki Tukur, yawancinsu suka yi ta jan ƙafa, ƙarshe Sakkwato ta karɓi Alu, wanda dama jikan gidan ne ta wajen uwa.

Jikan Barde: Gwaggo, wannan kam ban taɓa kallonta ta nan ba. Amma Tukur ne ya biya, shi aka yi wa rauni a Tafashiya a watan Maris, bai tashi ba.

Mai Shayin Kwana: Kuma shekara takwas bayan nan, a 1903, Turawa suka zo da sojan da bai kai na Kano yawa ba, da igwa da bindiga mai ruwa, suka fasa ganuwar. A nan wa ya fi wani, Gwaggo?

Gwaggon Yara: Kai dai ka iya neman rigima. Buɗe mana wani zaren daban a kan wannan, in na idar da la'asar zan shigo.