Barcin awa 9 da kalmar "rage kwana"

Ɗan Auta: Salamu alaikum jama'a. Yau raina ya ɓaci ƙwarai. Yayana ya kira ni raggo a gaban baƙi, wai don ina barcin awa 9. Shi awa 5 yake yi, har yana bugun ƙirji da hakan. Na ce masa ƙarancin barci yana rage kwana, sai ya kwashe da dariya. Ku gaya mini tsakani da Allah, ni da shi wa ke cutar kansa?

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Ɗana, fara janye kalmar nan ta "rage kwana". Kwanan kowa ƙidayayye ne, barci ba ya ƙara shi, ba ya rage shi.

Malamar Jinya: Baba, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya ce ya san ranar wani. Abin da masu bincike ke yi shi ne su bi jama'a masu yawa shekara da shekaru, su ƙirga nawa suka rasu a kowane rukuni. A 2010 Francesco Cappuccio na Jami'ar Warwick a Ingila da abokan aikinsa suka haɗa bincike 16, mutum sama da miliyan 1.3. Masu gajeren barci haɗarinsu ya ɗara na masu awa 7 zuwa 8 da kashi 12 cikin 100. Amma ƙanena, kar ka yi saurin murna, na masu dogon barci ya ɗara da kashi 30.

Ɗan Auta: Innalillahi! Anti, kenan ni ne ma a gaba?

Malamar Jinya: Kwantar da hankalinka. Sau da yawa ciwo ne ke jawo dogon barcin, kamar ciwon zuciya, ciwon damuwa, ko tsayawar numfashi cikin barci, wanda mai shi zai kwana yana minshari ya tashi jiki a mace. In kana tashi garau, da sauƙi. In kuwa bayan awa 9 har yanzu a gajiye kake, ka je likita ya duba ka.

Baba Mai Ritaya: Duk na ji, 'yata. Amma har yanzu ba a janye kalmar ba. A ce "rage lafiya" mana, me zai ragu?

Mai Neman Na Kai: Ni dai ina bayan yayanka. Awa 9 fa! Yaushe za ka nemi na kanka? Margaret Thatcher ta mulki Birtaniya shekara 11, an ce awa 4 take barci, kuma sai da ta kai shekara 87.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya, ta kai 87, amma shekarunta na ƙarshe da ciwon mantuwa ta yi su. Kuma mutum ɗaya ba hujja ba ne. An bi ma'aikatan gwamnatin Birtaniya kusan 8,000 tsawon shekara 25, sakamakon ya fito a 2021: waɗanda suka dawwama a kan awa 6 ko ƙasa da haka daga shekara 50 zuwa 70, haɗarin ciwon mantuwa ya ƙaru musu da kashi 30.

Mai Neman Na Kai: Ke yarinya, ranar da kika fara ciyar da wani sai ki zo mu yi maganar barci. Wanda nauyi ke kansa ba ya ƙirga awa.

Ɗalibar Kimiyya: Ni ba yarinyarka ba ce. In ba ka da hujja ka yi shiru, kar ka koma kan shekaruna.

Baba Mai Ritaya: Haba 'yata, ko ba komai ya girme ki. Ba a ce wa babba ya yi shiru.

Malamar Jinya: Baba, shi ya fara. Me ya sa ba a tsawata masa ba sai ita?

Mai Gadin Dare: Don Allah mu masu aikin dare fa? Da rana nake barci, kuma a gutsure, awa 3 nan awa 2 can. Ana haɗa mini su zama awa 5 ne, ko yaya lissafin yake? Abin yana damuna.

Mai Neman Na Kai: Kalmar "yarinya" zagi ce yanzu? To Allah ya kyauta.

Shugaban Zaure: Ya isa haka, zan rufe. Abin da muka tsayar: Malama da bakinta ta tabbatar dogon barci ya fi haɗari, 30 a kan 12. Saboda haka Ɗan Auta ya rage barci, ya ba yayansa haƙuri, ya kuma janye "rage kwana" kamar yadda Baba ya nema. Ɗaliba ta gyara harshe. Ni kaina shekara 20 kenan ban wuce awa 5 ba, ga ni lafiya lau.

Malamar Jinya: Ranka ya daɗe, ba abin da na faɗa ba kenan. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka tun 2015 ta ce baligi ya samu awa 7 ko fiye, awa 5 ba ya ciki. Kuma bawan Allah mai aikin dare ya yi tambaya, ba wanda ya kula shi.

Ɗan Auta: Na janye tawa, Baba. To "raggo" da aka kira ni a gaban baƙi fa, ita wa zai janye ta?