Waɗanda aka dasa wa turken sadarwa a saman gida, me kuka gani?

Ɗan Rusaifa, Makka

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana bene mai hawa huɗu, mu tara ne magada, kuma makon jiya wakilin wani kamfani ya zo yana neman hayar wani ɓangare na saman benen har shekara goma domin a dasa turken sadarwa, wanda mutanen gari suke kira buruj. Yayyenmu maza sun karkata ga a karɓa, saboda kuɗin zai ɗauke mana gyaran lifta da tankunan ruwa, amma mahaifiyarmu ta ce ba za ta kwana a ƙarƙashin ƙarfen da ba ta san abin da yake fitarwa ba. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga wannan harka da kansa ya gaya mana abin da idonsa ya gani.

Dattijon Hindawiyya

Wa alaikumus salam, ɗana. Namu turken ya haura shekara goma sha biyu, kuma mu ma gidan gado ne. Kuskurenmu na farko shi ne mun bar babban wanmu ya sa hannu shi kaɗai bisa amana, ba tare da sauran magada sun rubuta masa wakala ba, kuɗin haya kuma yana shiga asusunsa. Da Allah ya yi masa rasuwa aka rufe asusun, muka yi watanni muna kai da kawo kafin kuɗin ya ci gaba da shigowa, har zumunci ya so ya taɓu. Yanzu abin ya yi sauƙi, tunda ana fitar da takardar tantance magada da wakala ta manhajar Najiz ta Ma'aikatar Shari'a, saboda haka ku gama wannan kafin ku zauna da kowa.

Kuskure na biyu ya fi ci mini rai, domin laifinmu ne. A cikin yarjejeniyar akwai sakin layi da ya ba mai haya damar ƙara kayan aiki da kuma miƙa hayar ga wani, mu kuwa adadin kuɗin kawai muka duba. An fara da eriya uku, yau ƙarfen ya cika maƙil, hayar kuma tana nan yadda take.

Ma'aikacin turaku, Jidda

Baba, abin da ya same ku yana da tushe a yadda harkar ta sauya, kuma ni aikina ke nan, hawa turaku. A da kowane kamfanin waya, STC da Mobily da Zain, shi ke gina turkensa ya kula da shi. Daga baya STC ta ware turakunta ta kafa kamfanin TAWAL, wanda ya fara aiki a 2019, shekarar da aka buɗe 5G a Saudiyya. Zain ta sayar da turaku sama da 8,000 ga wata haɗaka da Asusun Zuba Jari na gwamnati yake jagoranta, sannan a 2024 asusun ya cimma yarjejeniyar sayen kashi 51 na TAWAL. Kamfanin turaku ribarsa tana cikin ɗora kamfanonin waya biyu ko uku a kan ƙarfe ɗaya, kuma hukuma tana ƙarfafa hakan don a rage yawan turaku a unguwanni. Saboda haka, ɗan'uwa na Rusaifa, ka ɗauka tun yanzu za a ƙara eriya, ka nemi a rubuta abin da za ku samu idan an ƙara.

Hukumomi biyu ne suke da hannu. Hukumar sadarwa, wadda aka kafa a 2001, aka kuma sauya mata suna a 2022 zuwa Hukumar Sadarwa da Sararin Samaniya da Fasaha, shekarar da sabuwar dokar sadarwa ta maye gurbin ta 2001, ita ce mai kula da rabon zangon rediyo da kamfanonin waya ke aiki da shi da iyakar ƙarfin da eriya za ta fitar. Izinin dasa ƙarfen a kan gini kuwa na Baladiyya ne, wato hukumar gari, ta manhajar Balady. Kada a ɗora ko ƙusa kafin ku ga wannan izini da rahoton injiniya cewa rufin zai iya ɗaukar nauyin, sannan a sa wa turken mitar wutarsa daban da ta gida.

Ummu Fahad, Madina

Ni 'yar haya ce a hawa na ƙarshe, ƙarfen yana saman ɗakin kwanan yarana, don haka na san halin da Hajiyarku take ciki. Na ji an ce cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin siginar rediyon da eriya take fitarwa cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, tun 2011, na kasa barci, har na kai koke hukumar sadarwa. An zo da na'ura an auna a falo da ɗakin yara da saman bene, aka nuna mini adadin yana ƙasa sosai da iyakar da aka ƙayyade. Mai aunawar ya bayyana mini cewa eriya gaba take harbawa, can nesa, kamar fitilar mota, wanda yake ƙarƙashinta bai cika samun komai ba, kuma wancan hukunci na 2011 ya fi jingina ne ga binciken wayar da ake kangawa a kunne.

Hankalina ya kwanta ta wannan fuska, amma abin da ya dame mu a zahiri wani ne daban, wanda maza ba sa tunawa da shi idan suna ciniki. Saman bene nan ne wurin shanyarmu, nan muke shan iska da yamma babu mayafi. Tunda aka ba ma'aikata makulli, sai ka ji sawun maza a matakala ba sallama, wani lokaci da tsakar dare idan na'ura ta tsaya, ga ƙugin abin sanyaya akwatunan na'urorin turken da ba ya yankewa lokacin zafi. Maƙwabta ma sun yi ƙorafi cewa wanda ya hau ƙarfen yana hango tsakar gidansu. Sai da mai gidan ya kewaye wurin da katanga, aka kuma amince a riƙa kiran mai gadi kafin a hau.

Tsohon mazaunin Gulail

Nawa gajere ne. Lokacin rusau na unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, gidan kawuna yana da turke, an kuma biya shi hayar shekara tun farkonta. Da aka shafa wa gidan alamar rushewa aka kwance ƙarfen cikin kwana biyu, daga baya aka nemi ya mayar da kuɗin watannin da suka rage, domin haka yarjejeniyar ta ce, alhali ya riga ya kashe su wajen neman matsuguni. Makka ma gari ne da ake yawan faɗaɗa hanyoyi, ku duba abin da takardarku ta ce idan hukuma ta karɓi ginin.

Ɗan Rusaifa, Makka

Allah ya saka muku da alheri. Na karɓo kwafin yarjejeniyar jiya, kuma sakin layin da Baba ya ambata yana ciki, kusan kalma da kalma, babu kuma maganar mitar wuta ko kaɗan. Na karanta wa mahaifiyarmu bayanin Ummu Fahad, ta ce batun makulli ya fi tsaya mata a rai fiye da na lafiya, kuma sharaɗinta shi ne a fitar wa ma'aikatan matakala ta waje. Yaya na Jidda, ka taɓa ganin kamfani ya yarda ya gina irin wannan matakala da kuɗinsa, ko kuwa a cikin hayar ake cirewa?