Riga-kafin da ya zo da kwamfuta ya isa, ko sai an sayi na kuɗi?

Kawu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekaranjiya na dawo daga Kano da laftof sabuwa dal a kwalinta. Ƙanwarku na saya wa saboda shirin JAMB, ni ma in riƙa shigar da makin ɗalibai. Tun da muka kunna ta wani riga-kafin bayiros wai shi McAfee yake ta leƙowa, ya ce kwana 30 ya ba mu kyauta, daga nan sai biya. Mai shagon ya ce in koma ya saka min na kuɗi mai lasisin shekara. Auta kuma ya ce asara ce, wanda ke cikin Windows ya wadatar. Ku raba mu.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu. Ina nan kan bakana. Windows 11 da ke kanta da mai gadinsa ya zo, Microsoft Defender, kyauta kuma ba ya ƙarewa. Yana duba duk abin da aka sauke ko aka buɗe, har da manhajojin leƙen asiri masu satar kalmar sirri. A cire McAfee ɗin nan gaba ɗaya, Defender zai farka da kansa. Kuɗin lasisin a saya wa yarinya data.

Mai Gyara: Auta, wannan karatun 'yan birni ne. Shekara nawa ina gyaran kwamfuta a Ringim? Defender bai cika ganin sabon bayiros ba sai an sabunta shi, sabuntawa kuma sai da intanet. A garinmu sai ka hau tudun bayan makaranta kafin sabis ya tsaya. Kwamfutar da za ta yi wata biyu ba ta ga intanet ba, mai gadin nata barci yake.

Auta: To na kuɗin da iska yake sabuntuwa, Yaya?

Mai Gyara: Bari in ƙarasa mana. Mu nan cutarmu ba ta intanet take zuwa ba, ta filash take zuwa. Yarinya za ta kai filash shagon buga takardu a fitar mata da aiki, kwamfutar shagon kuwa filash ɗari ta sha a ranar. Ta dawo gida ta soka, sai ka ga fayilolinta duk sun koma 'yar alama mai kibiya, na ainihin an ɓoye su. Tana danna ɗaya, an gama. Shi ya sa duk wadda ta zo hannuna nake saka mata wani ƙaramin riga-kafi, Smadav, don filash aka fi saninsa, ga shi ba nauyi.

Mai POS: Ni dai abin da na sani, araha ba ta ado. Wanda ka biya kuɗi dole ya fi na kyauta. Kaspersky nake sabuntawa duk shekara, ban taɓa ganin komai ba.

Auta: Alhaji, ni ma shekara huɗu ban biya ko sisi ba kuma ban ga komai ba. Wannan ba hujja ba ce, daga ni har kai.

Malama: Kawu barka da arziki, Allah ya sa ta amfane ta. Na karanta duka, kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Maganar Mai Gyara kan filash haka take, ina ganinta a ɗakin kwamfutar makarantarmu kowane zango. Amma ba ta rushe maganar Auta ba. Kowane riga-kafi, na kyauta da na kuɗi, da jerin sanannun cututtuka yake aiki, kuma jerin yana tsufa. Wanda ya biya lasisi bai haɗa da intanet ba, kuɗinsa ya tafi a banza. Shi kansa Smadav, 'yan Indonesiya da suka yi shi cewa suka yi kariya ce ta biyu, ba su ce ya maye gurbin babban ba.

Alhaji, batun araha kuma, a nan ba farashi ne ma'auni ba. Akwai wata cibiya a Jamus, AV-TEST, aikinta gwada waɗannan manhajoji, kuma shekarun nan Defender yana fitowa a sahun gaba tare da na kuɗin. Yawancin abin da ake biya wa ƙari ne: VPN mai ɓoye zirga-zirgarka a intanet, ma'ajiyar kalmar sirri, sa ido kan abin da yara ke kallo. Mai buƙatarsu ya saya, ba laifi. Kaspersky yana da ƙarfi wajen kamu, sai dai ka sani a 2024 Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta don kamfanin Rasha ne. Hanin bai shafe mu ba.

Mai POS: Wannan rigimarsu ce ta manya, ba ruwan Jigawa.

Malama: Haka ne. Kuma kada Auta ya ɗauka duk na kyauta nake yabo. A 2024 ɗin dai hukumar kare masu saye ta Amurka ta ci Avast, kamfanin wani riga-kafin kyauta, tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga. Ka ɗauko mai gadi ya kare ka daga ɗan leƙen asiri, ashe shi ma yana leƙe.

Auta: Na karɓa, Anti. Ni Defender kaɗai na ce.

Malama: Abin da ya fi damuna ba wanda ya taɓo. Kawu, da ka saya, an ce za a loda maka manhajoji?

Kawu: Ƙwarai. Ya ce in na koma zai cika min ita, Office da su wasanni da na gyaran hoto, duk kyauta.

Malama: To nan gizo yake saƙa. Waɗannan kirak ne, na sata da aka fasa. Kafin a saka su sai an kashe Defender, don yana kama su, kuma sau da yawa ba a sake kunna shi. A cikin irinsu ake cusa masu kwashe kalmar sirrin da aka adana a Chrome. Ka buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunka, sannan ka je sayen kwaɗo.

Mai Gyara: Malama kin taɓa mu fa. Gaskiya muna sakawa, don ba mai iya biyan lasisin Office a nan. Kuma ba kowane kirak ke da cuta ba.

Malama: Ta yaya kake bambancewa, bayan ka kashe abin da zai gaya maka? Ga LibreOffice nan kyauta halal, yana buɗe fayil ɗin Word da Excel. Makin ɗalibai ai ba ya buƙatar fiye da haka.

Mai Gyara: Mutane ba su saba da shi ba, dawo min da ita za su yi. Amma na ji.

Auta: Wani abu kuma, sabunta Windows ɗin kansa. Bayiros ɗin WannaCry da ya tsayar da asibitoci a Ingila a watan Mayun 2017, ya shiga ƙasashe kusan 150, tun Maris Microsoft ta fitar da maganin ƙofar da ya bi. Waɗanda ba su sabunta ba ya kama.

Mai POS: Duk da haka ni ba zan bar nawa ba, kuɗin mutane ke bi ta hannuna. Ko da yake wanda aka kwashe wa asusu a layinmu bara, ba ta kwamfuta ba ne. Kiransa aka yi wai daga banki, shi da bakinsa ya karanta musu lambar OTP.

Kawu: Allah ya kyauta. To yanzu ni me zan yi? Kun fi ni yawa.

Malama: Ka cire McAfee kafin wa'adinsa ya cika, kada manya biyu su haɗu suna ja wa kwamfuta nauyi. Duk mako a haɗa ta da wayarka inda sabis yake da ƙarfi, a buɗe Windows Security, inda Defender yake, a sabunta. Ka buɗe wa yarinya nata asusun shiga kwamfutar wanda ba ya iya saka manhaja sai da izininka. Filash in ya dawo daga shago, a duba shi kafin a buɗe komai.

Mai Gyara: A ƙara Smadav. A kan wannan ba zan janye ba.

Auta: Ba ya buƙata.

Kawu: Ku biyun ku zo ranar Asabar bayan la'asar ku ƙarasa a gabanta, sola ta cika batir a lokacin. Auta ka taho da wayarka, tawa datar ta ƙare.