"Bin na gaba bin Allah ne": ina iyakar maganar nan?

Ɗan Wusasa: Salama, 'yan'uwa. Da wannan karin magana muka tashi, amma kwanan nan tana damuna. Da zarar wani ya buɗe baki kan tsadar abinci ko rashin tsaro, sai a ce masa ya yi shiru, bin na gaba bin Allah ne. Shin mai bin Almasihu zai riƙe ta yadda take, ko akwai inda take tsayawa?

Mama Zumunta: Ɗana, ni dai ina riƙe da ita. Manzo Bulus ya faɗa a Romawa 13 cewa babu wani iko sai daga wurin Allah. Kuma ka tuna wa ke kan gadon Roma sa'ad da ya rubuta haka: Nero ne, wanda ya yi mulki daga shekara ta 54 zuwa 68, wanda daga baya ya ƙona masu bi. Duk da haka Bulus bai ce a zage shi ba. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti ma cewa ya yi a yi wa sarakuna addu'a. Yaran yanzu mutum ya zagi gwamna da safe a Facebook, da yamma ya hau bagade yana jan waƙa. Wannan bakin ɗaya ne fa.

Malamin Lahadi: Mama, zagi kam haramun ne, ba mai musu. Amma da maganar ba ta da iyaka, da Shadrak, Meshak da Abednego masu laifi ne. Nebukadnezzar sarkin Babila ne na gabansu, su ma'aikatansa ne. Ya kafa gunkin zinariya mai tsawon kamu 60 a filin Dura, ya ce kowa ya faɗi ya yi sujada, suka ƙi. Suka ce Allahnsu yana da ikon cetonsu, ko da bai cece su ba kuma, ba za su durƙusa ba. Manzo Bitrus ma a gaban majalisar Yahudawa ya ce wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane, Ayyukan Manzanni 5:29.

Tsohon Soja: Mu da muka sa kaki mun san daɗin maganar, mun san ɗacinta. In babu bin umarni, runduna ta watse. Amma akwai umarnin da in ka bi, kai za ka kwana da shi har tsufanka, wanda ya ba ka yana can yana barcinsa.

Baba Mai Wa'azi: 'Ya'yana, bari tsoho ya sa baki. Kuna ta auna maganar a kan talaka, alhali nauyinta ya fi yawa a kan sarki. In har bin sa bin Allah ne, to shi wakili ne kawai, kuma wakili yana da ranar ba da lissafi. Ku buɗe Daniyel sura 4. Nebukadnezzar ya yi mafarkin babban itace da aka sare, Daniyel ya fassara masa, ya roƙe shi ya bar zunubansa ya ji tausayin matalauta. Allah ya ba shi wata 12 cur. Ran nan yana yawo a kan soron fada, ya dubi birnin, ya ce ashe ba wannan ce Babila da na gina da ƙarfina domin darajata ba? Maganar tana bakinsa hukunci ya sauko. Aka kore shi daga cikin mutane, yana cin ciyawa kamar sa, raɓa tana jiƙa shi, gashinsa ya yi tsawo, faratansa suka zama kamar na tsuntsu. Hankalinsa bai dawo ba sai da ya ɗaga ido sama ya yarda Maɗaukaki ne ke mulkin 'yan adam, yana ba wanda ya ga dama. Shi ya sa ni ba na faɗin karin maganarku ita kaɗai. Kullum ina haɗa ta da 'yar'uwarta: sarki goma, zamani goma. Wanda ake yi wa kirari yau, gobe wani ake yi wa. Mai bi da ya san haka ba ya rawar jiki a gaban mai mulki, ba ya kuma raina shi.

'Yar Kagoro: Baba, a gafarce ni, amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Nebukadnezzar ya tuba, labarin ya yi kyau. To, Janani Luwum fa? Babban bishop ne na Anglika a Yuganda, ya kai wa Idi Amin kukan mutanen da ake kashewa, aka kashe shi a watan Fabrairun 1977. Amin ya gudu a 1979, ya zauna a Saudiyya har ya mutu a 2003 da tsufansa. Ta yaya zan ce wa matar da aka kashe mijinta Allah ne ya ɗora wanda ya kashe shi?

Baba Mai Wa'azi: 'Yata, ba za ki ce mata haka ba. Zama za ki yi kusa da ita ki yi kuka tare da ita. Tambayarki ba sabuwa ba ce, annabi Habakuk ya yi ta tun kafin mu. Sarki Hirudus ya sare manzo Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, sai daga baya, ranar da ya sa kayan sarauta jama'a suna ihu muryar allah ce ba ta mutum ba, ya karɓi yabon, tsutsotsi suka cinye shi. Wannan an ga hukuncinsa a duniya, na wasu sai a gaban kursiyi. Abin da nake riƙewa shi ne amsar Yesu ga gwamna Bilatus: ba ka da iko a kaina sai wanda aka ba ka daga sama. Ya yarda Bilatus yana da iko, amma a numfashi ɗaya ya ambaci zunubi. Ba da iko daban, yarda da zalunci daban.

Malamin Lahadi: Ni Dawuda ne ya warware mini. A kogon En-gedi sarki Saul, mai neman ransa, ya shigo hannunsa, mutanensa suna cewa yau ce ranar. Ya lallaɓa ya yanke gefen rigar sarki kawai, ko wannan ma zuciyarsa ta dame shi. Da Saul ya fita, Dawuda ya bi shi, ya rusuna har ƙasa, ya kira shi ubangijina sarki, sa'an nan ya ɗaga ƙyallen ya ce masa kana farautar raina ba da laifi ba, Ubangiji ya shara'anta tsakaninmu. Bai ɗaga masa hannu ba, bai kuma haɗiye gaskiya ba.

Ɗan Wusasa: Ke nan wanda ya ce wa gwamna "ranka ya daɗe, mutane suna kwana da yunwa" bai karya karin maganar ba?

Mama Zumunta: Bai karya ba, in ya faɗa da ladabi, kuma ya durƙusa ya yi masa addu'a kafin ya faɗa. Amma ni ba zan daina koya wa jikokina ita ba. Yaron da bai iya bin uwarsa da malaminsa ba, ina zai iya tsayuwar su Shadrak?

'Yar Kagoro: Na ji, Mama. Saura ɗaya: Saul shafaffe ne na Allah, Nero gadon sarauta ya hau, namu kuwa mu muke zaɓensu da ƙuri'a. In na ƙi sake zaɓen wanda ya ci amana, na ƙi bin na gaba ke nan? Baba, ina jiran amsarka.