Kwastoman maigidana yana so in riƙa saro masa kaya a ɓoye

Yaron Kwari:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Ina tsaron shago a Kantin Kwari, atamfa da shadda da leshi muke sayarwa, tun ina ƙarami mahaifina ya damƙa ni a hannun Alhaji, shi ya koya min komai har yadda ake gane shadda mai kyau da taɓawa. To akwai wani babban kwastomanmu ɗan Maraɗi, ya kira ni ya ce tunda na san kan kasuwa me zai hana ya riƙa turo min kuɗi in zaga wasu shaguna in saro masa in kai masa tasha, ya ba ni kamasho a kan kowace dila, amma kada Alhaji ya ji. Gaskiya kuɗin ya ja hankalina don ina son yin aure, kuma abin da ake ba ni kuɗin abinci ne kawai sai ɗan ihsani in salla ta zo, maganar sallama kuwa, wato ya ba ni jari in tsaya da ƙafata, shiru. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan cin amana ne ko neman na kai?

Baba Dillali:
Wa alaikumus salam ɗana. Wannan "kada Alhaji ya ji" da ya ce ai ita ta ba ka amsa. A shagon wa ka san mutumin? Da lambar wa ya fara kira kafin ya samu taka? Kuma kar ka ɗauka abin zai ɓoyu, Kwari duk girmanta ɗan dako da zai ɗauki dilar ya san Alhaji, direban motar Maraɗi ya san shi, mai shagon da za ka saro a wurinsa wataƙila sahu ɗaya suke sallar azahar. Ranar da maganar ta fito ba wanda zai sake ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi, alhali yawancin waɗanda ka ga sun tashi a kasuwar nan da haka suka fara, da kayan mutane ba da kuɗinsu ba. Iyayenmu Agalawa da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, irin su Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, wata da watanni mutum zai yi a hanya da dukiyar wani, ba waya ba banki a tsakani, sunansa kaɗai ne jingina.

Abba Singa:
Baba da girmanka amma mu faɗi gaskiya, wasu iyayen gidan ma suna da laifi. Yaro ya buɗe shago ya share ya yi lissafi ya kulle, gemu ya fito masa, kai kana canja mota shi ko keke babu, in ya yi maganar jari a ce ya cika gaggawa. Ban ce ya yi a ɓoye ba fa, amma shi ma yana da haƙƙi, kar a yi ta ce masa haƙuri haƙuri kawai.

Maman Ilham:
Ƙanena ka samu wani dattijo da Alhaji ke jin nauyinsa, ko mahaifinka in yana raye, su je su same shi a gida ba a shago ba, a yi maganar aurenka da ta sallama a fili. Kuma kai da bakinka ka gaya masa abin da ɗan Maraɗin ya nema, wallahi zai iya cewa ka riƙa yi masa sarin a ƙarƙashin shagon a yanka maka kasonka. Duk abin da aka tsayar a rubuta da shaidu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a Suratul Baƙara ma kan rubuta bashi ta sauka, ba rashin yarda ba ne.

Yaron Kwari:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mahaifina ya rasu amma ƙaninsa yana nan kuma suna shiri da Alhaji, gobe in sha Allah zan je wurinsa. Shi kuma ɗan Maraɗin in ya sake kira kafin nan me zan ce masa?

Baba Dillali:
Ka ce masa sai ka shawarci maigidanka, ka ji abin da zai ce.