Na kwance saitin rediyon mahaifina da hannuna, wane siginal janareta zan nema?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, kwana uku ke nan raina a jagule. Rediyon marigayi mahaifinmu ce, irin mai bawul ɗin nan (kwalaben gilashi masu haske a cikinta) da akwatin katako. Tun ina yaro nake ganinta, har yanzu ina tuna yadda yake kunna ta ya jira ta ɗumama, koren idon nan na gabanta ya buɗe a hankali kafin murya ta fito. Da ya rasu yayyena suka ce a fitar da ita, ni na hana, ta shekara 11 a ɗakina a rufe da zani. Bana na ce sai ta yi magana. Na canja duk kwandansan takarda da manyan na wuta, ta tashi, amma muryar can ƙasa-ƙasa. Sai na ga wasu gwangwanaye a bayan bawul masu rami a ka, na sa sukundireba na rinƙa juyawa ina saurare. Da farko kamar ta ƙaru, daga baya komai ya ɗauke, sai shuuu kawai. Yanzu abu biyu ne a gabana: ƙaramin siginal janareta na dijital (na'urar da ke fitar da siginar gwaji don saita rediyo) da na riga na saya, da wani tsohon janareta Heathkit IG-102 da abokina ya ce zai ba ni aro. Na gwada na dijital a 455 kHz ban ji komai ba. Wanne ya dace, kuma ta ina zan fara? Ina tsoron kar na kashe ta gaba ɗaya.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Ƙanena, ajiye sukundireba tukuna. Ka ba mu labarin shekara 11 amma ba ka faɗi abu ɗaya da muke buƙata ba: wace rediyo ce, kuma me aka rubuta a jikin bawul ɗin? Wa ya ce maka IF ɗinta, wato firikwansin tsakiya da ake saita gwangwanayen nan a kansa, 455 ne? Wannan lambar ta rediyon Amurka ce galibi. Na Ingila da yawa 465 ne ko 470, na Jamus za ka tarar da 460 ko 468, wasu na farkon shekarun 1930 ma 175 ne. Sannan ka duba ko tana da taransifoman wuta. Idan lambobin bawul sun fara da U, kamar UCH42 ko UL41, to babu, ƙarfen jikinta na iya ɗaukar wutar gida kai tsaye. Ka maƙala masa wayar janareta a haka, ko dai na'urar ta ƙone ko kai ka sha shokin.

Mai Gajeren Zango: Amin. Ni dai shawarata ka karɓi na abokinka. Don wannan aikin aka yi shi, yana farawa daga 100 kHz, yana da sautin gwaji a cikinsa. Waɗannan na dijital ɗin ni sun ƙona min rai. Na taɓa sayen ɗaya, ko wayarsa ban jona ba amma rediyon da ke kan teburi tana kama shi, sigina na yoyo ta jikin robar. Na mayar wa mai shi ya ce ai na riga na buɗe kwali. Har yau yana nan a ƙarƙashin gado, duk sanda na gan shi sai raina ya sosu.

Ɗan Auta: Na gode Baba. Na duba: ECH81, EF89, EABC80, EL84, sai EM80 mai koren ido. Takardar baya ta yage, sunan ya goge. Akwai wani babban taransifoma a gefe. Amma gaskiya 455 ɗin ba da ka na sa ba, ko'ina na karanta ita ake ambata. Kuma juyawar da na yi ba ta wuce zagaye biyu-biyu ba, a hankali na yi.

Tsohon Hannu: Zagaye biyu a wannan wurin tafiya ce mai nisa, rubu'in zagaye ma yana canja abu. Kuma jerin bawul ɗin nan na rediyon Turai ne na shekarun 1950 mai FM. Ma'ana a cikin gwangwanayen nan akwai kwayil iri biyu, na AM da na FM mai 10.7 MHz, kai kuma ka juya duka ba tare da sanin wanne ne wanne ba. Shi ya sa nake cewa kafin maganar janareta a nemo zanen rediyon. Leƙa jikin shasi, wato ƙarfen da aka ɗora kayan a kansa, da cikin katakon, sau da yawa akwai lamba da aka buga da tawada.

Game da tambayarka, kowanne zai yi in ka san lagonsa. Na dijital lambarsa daidai take, matsalarsa ƙarfi: mafi ƙanƙantar abin da yake fitarwa milibolt ne, alhali rediyo a bakin eriya maikurobolt take so. In ka cika mata sigina, AVC, wato tsarin da ke daidaita ƙarar rediyo da kansa, zai danne ƙarar, ka yi ta juyawa ba ka ga ƙololuwa ba. Sai ka sa masa abin rage ƙarfi, 60 dB yana rage shi sau 1,000. Tsohon kuwa allurarsa ba abin dogaro ba ce, sai ya ɗumama kamar minti 30, sannan ka tabbatar da lambar da na'urar ƙirga firikwansi. Aikin kansa ga yadda yake: kwandansa mai maikurofarad 0.01 mai jure bolt 600 a bakin wayar, ka shiga ta girid ɗin ECH81, sautin 400 Hz a kashi 30 cikin 100, mita a kan AC a wayoyin lasifika. Ka fara daga gwangwanin ƙarshe ka dawo baya, duk sanda allurar mita ta hau ka rage janareta. Sai IF ta zauna za ka taɓa osileta, wato ɓangaren da ke daidaita tasha da allurar rediyo: ƙaramin kwandansan saiti da ake kira tirima a wajen 1400 kHz, wanda ake kira padder ko kwayil a wajen 600 kHz, ka maimaita har su daina jan juna. Kuma da abin juyi na roba, ban da ƙarfe.

'Yar Mai Gyara: Baba, a yi min afuwa, amma kuna tsorata shi. Mahaifina ya yi shekaru yana wannan sana'a, da kunne yake saita AM, ya nemi tasha mai rauni ya bi ta a hankali. Ɗan'uwa, in ba ka da na'urar ƙirga, ga dabara: kunna tsohon janareta kusa da rediyon dijital, ka nemi ninkinsa na biyu. In kana son 465 za ka ji shi a 930 kHz, in 460 ne a 920. Abin da ya fi damuna shi ne sukundireban ƙarfen da ka sa. Baƙin dutsen cikin kwayil ɗin nan ba ya son dole, haska tocila ka gani ko ya tsage. Na ga mahaifina ya kwana biyu yana tsinto gutsattsarinsa da allura saboda wani ya riga shi taɓawa.

Tsohon Hannu: 'Yata, Allah ya saka wa mahaifinki, amma kunne yana aiki ne in saitin bai yi nisa da gida ba. Wannan an kwance shi duka. Da kunne zai iya haɗa su a lambar da ba ita ba, tasha ta fito a tsakiya, gefe da gefe kuma shiru, allura tana nuna wani wuri daban. Na gyara irin wannan ɓarnar ba adadi, kullum sai an gama lalatawa ake kawo min, a kuma ce na cika tsada. FM kuwa kada ma a fara ba kayan aiki.

Mai Gajeren Zango: Ni har yanzu ban yarda matsalar saiti ce tun farko ba. Ƙarar da ta yi ƙasa, ka auna wutar bawul ɗin? ECH81 in ta tsufa haka take yi. Wataƙila ma rasista ce ta tashi.

Ɗan Auta: Ban auna ba, mitata ƙarama ce kuma na ji ana cewa akwai bolt 250 a ciki. Amma ni ina ganin ba bawul ba ne, tunda duk suna haske. Na haska tocila kamar yadda Yaya ta ce, ɗaya kamar akwai tsaga a bakinsa, amma yana juyawa. Na dijital ɗin kuma ba zan so na ajiye shi ba tunda na riga na saya, kuma yanzu na lura ban ma kunna masa sautin AM ba lokacin da na gwada. Zan sake gwadawa da daddare a 460 da 468 na ji.

Tsohon Hannu: Hasken bawul filamenti ne kawai, ba ya nuna lafiyarta. Kuma kada ka ƙara juya mai tsagar nan. Ka nemo lambar shasin tukuna.

Ɗan Auta: To Baba, zan duba. Amma in lambar ba ta samu ba, a tsakanin 460 da 468 wacce zan fara da ita?